Ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a Nungua

Watana biyu da sauka a Nungua, can gabashin Akara, babban birnin Ghana, a bakin teku, aka yi ruwan dare, lambatun gaban teburin tsirena ya cika ya batse. Ledojin ruwa ne suka toshe shi, ga kifi ruɓaɓɓe da ya biyo daga wajen masunta. Wa zai tsaya sayen cicinga, kamar yadda suke kiran tsire a nan, hancinsa a toshe?

Na ce wa mai masaukina, “Baba, ina gidan kansila? Ko dai sai na san wani a jam’iyya?” Dattijon ya yi dariya har carbinsa ya faɗi. Ya ce, “Ɗana, nan ba Kano ba ce. Asembiliman muke da shi a madadin kansila, kuma ba a tsayawa takararsa da tutar jam’iyya. Ga shi can yana sayen koko.”

A hankali na gane tsarin. Nungua tana ƙarƙashin majalisar Krowor, wadda aka raba da ta garin Teshie mai maƙwabtaka da ita a 2018. Kashi 70 cikin 100 na ’yan majalisar jama’a ke zaɓensu duk shekara huɗu, sauran shugaban ƙasa ke naɗawa. Shi kuwa babban, wanda mu za mu kira ciyaman, shugaban ƙasa ke kawo sunansa, sai kashi biyu cikin uku na ’yan majalisar sun amince. Wannan ɓangaren har yau bai kwanta mini ba, amma baƙo idonsa ke gani, bakinsa a rufe.

Ranar Asabar da sassafe asembiliman ya iso da takalmin ruwa da shebur, ’yan kwamitin unguwa na biye da shi, aka yi gayya. Ni na riƙa tura baro. Da muka gama ya tambaye ni ko na yanki takardar izinin sana’a. Na sunkuyar da kai. Litinin na je na biya.

Akwai kuma abin da ba hurumin majalisa ba ne. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, al’adar ƙabilar Ga ce, mutanen yankin, ba wanda ya kaɗa mata ƙuri’a. Rigimar ’yan zango kuma gaban Sarkin Zango take fara zuwa.

Da aka yi zaɓen su asembiliman ranar 19 ga Disamba 2023 ba ni da ƙuri’a. Na dai kai teburina kusa da rumfar zaɓe, kafin la’asar nama ya ƙare.