Inda na kai a koyon rubuta harshen Sukots

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Na ga ya kamata in sanar da ku inda aka kwana a karatun da nake yi na harshen Sukots, musamman ɓangaren rubutu, domin shi ne ya fi cin lokacina a 'yan watannin nan. Ga waɗanda suka fara kwanan nan, ina magana ne a kan harshen da ake yi a kudanci da gabashin Sukotland, da tsibiran Okni da Shetland, da wani yanki na arewacin Ayaland. Ba shi da alaƙa ta kusa da Gelik, wani harshen Sukotland wanda danginsa daban ne. Sukots da Turanci kakansu ɗaya, kuma a ƙidayar 2011 mutum kusan miliyan 1.5 suka ce suna iya magana da shi.

Wannan kusanci da Turanci shi ne babban tarko ga mu da muka yi boko. Mutum zai tsara jimlarsa da Turanci, ya buɗe ƙamus, ya musanya kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauka ya rubuta Sukots, alhali ɗan ƙasa da ya karanta zai gane cewa riga kawai aka sauya wa Turanci. A 2020 aka gano cewa wani matashi ɗan Amurka, wanda bai iya harshen ba, ta wannan hanya ya rubuta dubban maƙaloli a Wikipedia ta Sukots. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma masu harshen sun ji zafin abin ƙwarai, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Saboda haka aikina a yanzu ya koma kan ginin jimla. Ina da littafin rubutu da na keɓe, inda nake kwafe jimloli cikakku daga bakin masu harshen, in saurari muryar da aka naɗa sau da yawa kafin in sa alƙalami, sannan in rubuta yankin mai maganar a gefen shafi. A haka na fara ganin abubuwan da ƙamus ba ya koyarwa kai tsaye. Korewa tana manne da aikatau, kamar dinna da canna, wato don't da can't na Turanci. "Yau" ana cewa the day, "gobe" kuma the morn. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aikatau ke bin mai aikatawa: idan suna ne na jam'i, ana iya cewa the bairns is sleepin, wato yara suna barci, amma idan wakilin suna ne ya zo daf da aikatau, sai a koma siffar jam'i. Malamin Turanci zai ja jan biro a ƙarƙashin wannan jimla, alhali tsohuwar ƙa'ida ce ta harshen. Akwai kuma yon ko thon, da ake nuna abin da ya yi nisa da mai magana da mai sauraro duka. Wannan bai ba ni wahala ba, tunda Bahaushe ya saba bambanta nan da can.

Batun ƙa'idar rubutu ya fi nauyi, kuma sai da na koma tarihi kafin na fahimci dalili. Sukots ya taɓa zama harshen fada da shari'a. Da shi John Barbour ya rubuta doguwar waƙarsa The Brus wajen 1375. Bayan sauyin addini na 1560, lokacin da Sukotland ta bar ɗarikar Katolika ta koma Furotesta, Baibul na Turanci ne ya shiga majami'u da gidaje. A 1603 Sarki James na Shida na Sukotland ya gaji sarautar Ingila ya koma Landan da fadarsa, a 1707 kuma aka haɗe majalisun ƙasashen biyu. Daga nan rubutu na hukuma ya koma Turanci, Sukots ya ci gaba a baka da waƙa. Shi ya sa a bugun waƙoƙin Robert Burns za ku ga wi' da o', da alamar nan ta sama mai nuna kamar an yar da harafi daga kalmar Turanci, wato with da of. Tun 1947 wasu marubuta suka fitar da takardar shawarwari da ta nemi a rage ta. Ni ma na bar ta, ina rubuta wi da o, domin ba na son rubutuna ya nuna harshen a matsayin gurɓataccen Turanci. Ko da yake majalisar Sukotland ta zartar da doka a 2025 da ta ba Sukots da Gelik matsayin harsunan hukuma, har yanzu babu ƙa'idar rubutu guda da kowa yake bi.

Dole ne kuma mai koyo ya zaɓi karin harshe ɗaya ya tsaya a kansa. Kalmar guid, mai nufin kyau, mutanen tsakiyar ƙasa suna furta ta kamar gid, na yankin birnin Abadin (Aberdeen) kuma gwid. Su mutanen arewa maso gabas, masu karin Dorik, suna cewa fit inda wasu suke cewa whit, wato "me". Na zaɓi karin tsakiya saboda shi ne na fi samun muryoyin da zan saurara. Game da furucin ch a loch, wato tafki, duk wanda ya koyi tajwidi ya san irinsa a harafin kha na Larabci. Na nicht, wato dare, ya ɗan fi shi laushi.

Ƙamus ɗin da nake dogaro da shi shi ne Dictionaries of the Scots Language, wanda yake kyauta a intanet. Ya haɗa manyan ƙamusoshi biyu, ɗaya na tsohon harshe zuwa 1700, ɗaya kuma daga 1700 zuwa zamaninmu. Ina roƙonku ku riƙa duba shekara da yankin da aka rubuta a gaban kowane misali kafin ku ɗauki kalma, domin da sauƙi mutum ya haɗa kalmar Shetland da wata da aka daina faɗa tun ƙarni na 16 a jimla guda. Hugh MacDiarmid ya tono kalmomi daga tsohon ƙamus da gangan a shekarun 1920, ya yi waƙoƙi masu ƙarfi da su, amma shi a cikin harshen ya tashi a garin Langholm, kunnensa ya san abin da zai zauna. Mu ba mu kai nan ba tukuna.

Abin da na sa a gaba yanzu shi ne rubuta gajerun wasiƙu a kan harkokin yau da kullum, da kalmomin da na ji da kunnena kaɗai, in nemi wanda harshen uwarsa ne ya duba mini. Bayan haka zan shiga ƙa'idar tsawon wasula da masani A. J. Aitken ya bayyana. Idan akwai wanda ya riga ya yi nisa a kanta a cikinku, ina neman ya nuna mini ta inda ya fara.