Tifar da na saki da hannuna

Na ajiye kaki bayan shekara 35, kuma fiye da rabinsu a tsakiyar titi na yi su. Na shiga aikin ɗan sanda a 1988, shekarar da gwamnatin Babangida ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Yaran da na bari a sashen kula da ababen hawa sun matsa in rubuta musu wani abu. Ɗaga hannu da duba lasisi ba sai na koya muku ba. Labarin wata tifa zan ba ku, wanda wasunku suka ji a bakin da ba nawa ba.

A 2013 ne, 'yan watanni bayan gwamnatin Kano ta hana acaɓa sakamakon harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a watan Janairu. Gari ya cika da Adaidaita Sahu, yawancin masu jan su jiya-jiya suka sauka daga babur, a kan titi suke koyon hannu. Ina saje a lokacin, ina tsaye a wata mahaɗa da hantsi, sai ga tifa ta taho da yashi ya yi tozo. Danja ta nuna ja, motar ba ta tsaya ba, tana ta silalowa har ta haye layi. Sai na ga yaron mota ya diro da gudu, ya cusa wani guntun katako a ƙarƙashin tayar baya, sannan ta tsaya. Katakon ya yi baƙi da bakin mai, gefensa ya lotse saboda yawan aiki. Da na matsa kusa na ji iska tana tsiyaya a ƙarƙashin motar. Kun san birkin irin waɗannan manyan motoci da iska yake aiki, kowane taku yana rage ta, idan kuwa tiyo yana yoyo tankin ba ya cika. Wannan katakon shi ne birkin motar.

Na sa aka gangara da ita gefe, na zare makulli, da niyyar in kira jami'an duba lafiyar mota. Direban ya yi ta magiya: "Yallaɓai, a yi haƙuri, wannan lodin kawai zan sauke in wuce gareji." Ya dunƙulo wani abu a hannu, na ce ya mayar aljihunsa. Sai ya koma gefe ya kira maigidansa. Ba a yi minti ashirin ba wayata ta yi ƙara, na duba na ga ogana.

"Saje, motar da ka tsare ta mutumina ce. Ba shi makullinsa."

"Yallaɓai, motar nan ba ta da birki. Da katako ake tsayar da ita."

"Kai makanike ne? Na ce ka sake ta."

Na tsaya da makullin a hannu. Abin da ya zo mini a rai shi ne 'ya'yana huɗu da ke makaranta a cikin gari, da yadda ake cilla mutum ƙauye idan ya yi wa na sama gardama. Na miƙa wa direban makulli. Ban rubuta lambar motar a littafina ba, ban rubuta lokacin da aka kira ni ba, ko abokin aikina da ke ɗaya hannun ban faɗa wa ba.

Bai je gareji ba. Ya sauke, ya koma ya ɗauko wani lodin. Da azahar, daidai lokacin tashin 'yan makaranta, motar ta ƙwace masa a wata 'yar gangara da ba ta kai kilomita biyu daga inda nake ba. Ta ture Adaidaita guda, ta bi ta kan wata yarinya 'yar firamare da ke tsallaka titi riƙe da hannun ƙaninta. Yaron ya tsira. Da na isa wurin, kafin ma in ga yarinyar, katakon na fara gani a kan kwalta, ya rabe biyu. Yaron mota ya jefa shi, tayar ta haye ta wuce. Ni na ɗauke ta, hijabinta fari ya rine, jakar littattafanta tana rataye a wuya. A kan cinyata ta cika kafin mu kai asibiti.

Da aka zauna bincike, masu shago da 'yan Adaidaita suka ba da shaida cewa sun ga na tsare motar da safe, sun kuma ga na sake ta. Gaskiya suka faɗa. Da na ce umarni aka ba ni, ogan ya dube ni a gaban kowa ya ce ya kira ni ne a kan wani aiki daban, ya tambaya a ina na rubuta. Aka buɗe littafina, shafin ranar babu ko ɗigo a kan tifa. Kowa ya tashi da cewa na goro na karɓa. Aka sa mini baƙin tabo a fayil, ƙarin girma ya wuce ni har sau biyu, aka tura ni ƙauyen da nake gudu tun farko. Shi kuwa ya ci gaba da hawa. Ban taɓa cewa ba ni da laifi ba, hannuna ne ya miƙa makullin. Amma mu biyu muka saki motar nan, ni kaɗai na ɗauki kayan.

Na je ta'aziyya da kayan gida. Mahaifinta ya ce kwananta ne ya ƙare, ya yi mini godiya da na ɗauke ta. Na kasa buɗe baki in gaya masa sauran.

Tun daga ranar duk motar da na tsare sai na rubuta lamba, lokaci da laifi kafin in yi magana da kowa. Idan na sama ya kira, amsata ɗaya ce: "To yallaɓai, a ba ni a rubuce." A shekara goma da suka biyo baya ba wanda ya taɓa ba ni a rubuce. An ce ina da taurin kai, an ce ban iya zama da manya ba, kuma da anini kaɗan na yi ritaya. Amma ba wata mota marar birki da ta sake fita daga hannuna.

Sauran a taƙaice. Kada ku bi direba da gudu cikin kasuwa, kada ku shiga mota kuna kokawar sitiyari, tarar ba ta kai ran mai talla ba. Wanda ya ji rauni ku kai shi asibiti tukuna, takarda ta biyo baya, dokar lafiya ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Ku riƙa bayani kafin kamu: da aka tilasta hular kwano a 2009 ba tare da an fahimtar da mutane ba, ƙwarya wasu suka kifa a ka. Ku gaya wa direbobi kilomita 50 a awa ce iyakar gudu a cikin gari, kuma ko a haka mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai tafiya a ƙasa ya bi gefen da zai fuskanci motoci. Lokacin tashin makaranta kuwa, ku bar neman takardu, ku tsallakar da yara.

Ranar da aka yi mini walimar sallama, tsohon ogan nan ya turo saƙo a waya yana taya ni murnar gamawa lafiya, har da addu'a. Saƙon yana nan. Har yau ban mayar da amsa ba.