Godiya ga Asibitin Jami'armu da Duk Waɗanda Suka Kwana a Kaina

Assalamu alaikum. Yau kwana tara ke nan da aka sallame ni daga asibitin jami'armu da ke Katsina. Ina gida Daura, ina shan hantsi a tsakar gida, kuma Alhamdu lillahi ƙafafuna sun fara ɗaukata ba tare da an riƙe ni ba. Tun ina kwance na ƙudurta cewa idan Allah Ya tashe ni sai na fito fili na yi godiya, domin abin da aka yi mini ya wuce a ce "na gode" a bakin ƙofa a wuce.

Waɗanda suka san ni sun san ina da sikila. Ranar Talatar nan, saura kwana biyu jarrabawata ta ƙarshe, na yini a ɗakin karatu ban sha ruwan kirki ba, ga sanyin hunturu ya sauko sosai. Wajen ƙarfe ɗaya na dare ciwon ya tashi. Ya fara daga ƙugu, ya gangara cinyoyi, kamar ana daka ƙasusuwana a turmi. Kwanciya ta gagara, zama ya gagara.

'Yan ɗakinmu uku, ku na fara sa wa a addu'a. Ɗaya ta fita da gudu ko takalmi babu ta tayar da Mama mai tsaron hostal, ita kuma ta kira motar asibiti. Ɗaya ta naɗe ni da bargonta. Ta ukun, wadda ba ta ma kai ni jiki ba, ita ta goya ni daga bene har bakin mota. Allah Ya ba ku masu goya ku ranar da kuke buƙata.

Sista mai aikin dare ita ce dalilin wannan rubutu. Da aka shigar da ni ta karɓi katina, ta zaro fayil, ta ga SS, wato alamar sikila, a shafin farko, ta dube ni ta ce, "Sannu ƙanwata, ina ne ya fi yi miki zafi?" Tambayarta ke nan. Wanda bai taɓa jinyar mai sikila ba zai ga wannan ba komai ba ne. Mu kuwa mun san kallon da ake yi mana a wasu wuraren. Na taɓa zuwa wani asibiti ina murƙususu, aka bar ni a kan benci ana raɗe-raɗin wai allurar kashe zafi na saba da ita, ita nake nema. Wallahi zafin wannan zargi yana daɗewa a zuciya fiye da zafin ƙashi. Sista ta gaskata ni tun kafin in iya buɗe baki.

Jijiyoyin hannuna sun sha suka tun ina yarinya, samunsu aiki ne. Ba ta yi gaggawa ba. Ta tsoma ƙaramin tawul a ruwan ɗumi, ta naɗe mini hannu, tana murzawa a hankali tana karanta mini addu'a, har jijiya ta fito. Suka ɗaya ta yi, ƙarin ruwa ya fara sauka. Bayan ta yi mini allurar da likita ya rubuta, sai ta jawo kujera kusa da gadona. Duk sanda na buɗe ido tana nan, har aka kira assalatu.

Likita, Allah Ya ƙara basira. Ya sa aka ɗebi jinina, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne ya haɗu da sanyi da ƙarancin ruwa suka tayar da ciwon. Aka fara mini allurar artesunate, ɗaya nan take, ɗaya bayan awa 12, ta uku a awa 24, sannan na koma ƙwayoyi na kwana uku. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce jinina ya ɗan sauka, za su riƙa aunawa, kuma da zarar ƙirji ya fara ciwo ko numfashi ya yi nauyi, ba za su jira ba, Asibitin Koyarwa na Tarayya za a kai ni. Allah Ya taƙaita, ba a kai ga haka ba. Da na ɗan farfaɗo ya zauna ya sake tuna mini dalilin shan folic acid kullum: jar ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kusan kwana 120, tamu mai siffar lauje kuwa daga kwana 10 zuwa 20 ta mutu, don haka jiki bai taɓa hutawa da ƙera sabuwa ba. Ya yi mini faɗa a kan ruwa, faɗan uba, na kuma karɓa.

Baba ya taso daga Daura ana idar da sallar asuba, da kuɗin da ya ranto a aljihu. Da ya tambayi inda ake biya, aka ce masa babu abin da zai biya, inshorar lafiyar ɗalibai ta TISHIP da ke cikin kuɗin rajistata ta ɗauke. Ya tsaya shiru, sannan ya ɗaga hannu ya yi wa ma'aikatan addu'a doguwa, muryarsa tana rawa. Ban taɓa ganin Baba a haka ba.

Na san akwai ɗaliban da ke kiran wurin nan gidan Panadol. Ban yarda da wannan suna ba, kuma yanzu ina da hujja. Akwai 'yan ajinmu da har sun kai aji uku ba su buɗe fayil ba. Ni tun ina aji ɗaya na kai sakamakon gwajina aka rubuta komai, rukunin jini da magungunan da nake sha, shi ya sa a daren nan ba a ɓata minti ɗaya wajen tambayar 'yan ɗakinmu abin da ba su sani ba. Don Allah 'yan'uwa, ku je ku yi katinku tun kuna da lafiya, mai sikila ko asma kuma kada ya ji kunyar faɗa.

Na gode wa malamin da ke kula da ajinmu, wanda ya karɓi takardar likita da hannunsa ya bi mini maganar jarrabawar da ta wuce ni. Na gode wa samari biyar na sashenmu da suka zo suka zauna a baranda, suka ce in ana buƙatar jini ga su. Ba a buƙata ba, amma Allah Ya ga niyyarku. Na gode wa direban motar asibiti, da Yaya na ɗakin gwaji, da Baba mai shara da ta kawo mini kunun tsamiya mai zafi daga gidanta safiya biyu a jere, ta ce jikarta ma irin ciwona gare ta.

Umma ta ce in isar da gaisuwarta ga Sista, ta kuma haɗa mata ɗan dambun nama. Ranar Litinin zan shigo Katsina a sake auna jinina, in sha Allahu da hannuna zan miƙa mata. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan mahaifanku, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya.