Godiya ga waɗanda suka taya ni ɗaukar hotunan daren Mizmar

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Jidda da Makka. Alhamdu lillahi an ɗaura aure, an yi walima, kowa ya koma gida lafiya, hotunan daren Mizmar, wato rawar sanda da ganguna ta yankin Hijaz a Saudiyya, kuma sun kammala. Tun da na fara tura su ake ta kirana ana sa albarka, to ni ma akwai waɗanda ya zama dole in gode musu a bainar jama'a.

Baba mahaifin ango, Allah ya saka maka da alheri. Da na roƙi a rage fitilun istiraha, wato gidan da aka yi bikin, a bar wutar da aka hura a tsakar fili, ko dalili ba ka tambaye ni ba, sai ma ka tsawata wa samari kowa ya kashe fitilar wayarsa. Walƙiyar kyamara tana mayar da fuska fari fat, ta cinye jan hasken wuta, sannan ta kashe wa mai juya sanda ido, wanda haɗari ne a fili irin wannan. Da hasken wutar kaɗai na yi aiki. Na buɗe madubin kyamara iyakarsa, na saita ta tana ƙiftawa cikin kashi ɗaya bisa 500 na sakan, don sanda ta fito a tsaye cak a sama. Hotunan sun ɗan yi dishi-dishi a wuraren duhu, kuma wallahi haka na fi son su.

Godiyata mafi girma ga Kawu shugaban makaɗa. Mu da aka haifa a unguwannin Hijaz mun tashi mun tarar da Mizmar, tun kafin UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado a 2016. Mun san sahu biyu na maza suna fuskantar juna da tafi da amshi, mutum biyu su fito tsakiya da sanduna. Amma sanin ɗan kallo daban, sanin makaɗi daban. Kafin sallar isha Kawu ya zaunar da ni, yana buga gwiwarsa da tafin hannu, ya nuna mini inda kiɗa yake sauyawa da inda ɗan wasa yake ɗaga sanda. Wanda ya jira sai idonsa ya gani sannan ya danna, abin ya riga ya wuce shi. A fili kuwa duk sanda sauyi ya matso, sai Kawu ya ɗan gyaɗa mini kai. Da haka na samu hoton nan da kowa yake tambaya: kakan ango ya karɓi sanda daga hannun jikansa, ya juya ta bisa kansa, gefen gutirarsa, wato ƙyallen da ya yafa a kai, ya tashi, sahu duka sun buɗe baki. Numfashi guda ya yi ya mayar da ita. Kawu, rabin hoton nan naka ne.

Ƙanwata da ta ɗauki na ɓangaren mata, na gode. Ta miƙa su hannun Hajiya uwar amarya kai tsaye, ko ni ban gani ba. Ɗan autan gidan da ya yini riƙe da jakata yana kare ta daga hayaƙi, Allah ya yi maka albarka.

Duk wanda ya fito a hoto kuma ba ya son a sa shi a Facebook, ya sanar da ni kafin Juma'a in cire. Allah ya ba ango da amarya zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.