Tsuntsuwar gonarmu da na tarar a bakin ƙanƙara

Jama'ar majalisarmu ta Samaru tunda na dawo kuke damuna da tambaya kan tafiyata ƙasar Ayislan, to ga labarin. Ƙanina Auwalu da ke karatu a Ingila shi ya matsa, wai Yaya tunda ka zo a watan Mayu sai mun leƙa Ayislan. Daga Reykjavik, babban birnin ƙasar, muka ɗauki hayar mota, tafiyar awa 5 ce, kusan kilomita 380, har wani tafki da suke kira Jökulsárlón a gindin dutsen ƙanƙarar Vatnajökull wanda shi kaɗai ya rufe kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar.

Wai sanyi ya ragu kenan a wajensu, amma wallahi hunturun Zariya na Janairu wasa ne, riga huɗu na saka iska tana ratsa ni. Ƙanƙara tana ɓallewa daga dutsen ta faɗo ruwa, wata ta kai girman gida, shuɗiya kamar an turo ta daga marina, ga wasu dabbobin ruwa masu kai irin na kare suna leƙowa suna nutsewa. Magariba kuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare muka yi ta, kuma duhu bai taɓa rufewa sosai ba.

Akwai wata farar tsuntsuwa mai jan baki da baƙar hula, kría suke ce mata, sun cika wajen da kuka suna faɗawa ruwa suna cafko kifi. Daga can ƙarshen duniya ta kudu take tasowa duk shekara, zuwa da komawa wajen kilomita 70,000.

Amma wadda ta tsaya min a rai ba ita bace. Muna komawa mota na hango wata 'yar mitsitsiya a kan dutse tana ɗaga jela tana durƙusawa, da ta tashi sai ga fari fat a gindin jelarta, nace Auwalu tsaya, na san wannan. Ita ce muke gani a gonar Baba ta hanyar Shika bayan an yanke dawa, tana tsayawa kan kunya, muna yara har da danƙo muke binta. Nauyinta bai wuce giram 25 zuwa 30 ba amma tana ƙetare teku da Sahara, ta yi hunturu a Afirka ta Yamma, sannan ta koma can ta yi ƙwai cikin ramin duwatsu. Na daɗe a tsaye hannuna ya ƙage, idona ya kawo ruwa, na tuna guda nawa muka kashe ba don yunwa ba.

Na sayo madubin hangen nesa. In Allah ya kai mu Nuwamba zan ɗauki Abba mu je gonar da sassafe, ya riga ya ba ni danƙonsa na ajiye.