Ma'aikata da doka a asibitin haƙori mai zaman kansa

Ba na barin ma'aikaci ya taɓa kayan aiki a asibitina sai ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba mai asibiti wata 3 ya rubuta sharuɗɗan, amma na lura cewa a cikin wannan tazara ake ƙulla rigima, musamman idan ɗan'uwa ne ko wanda wani babba ya turo. Kunya ce ke hana rubutun, kuma ita ce ke kai mutane Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Kafin takarda, lasisi. Likitan haƙori ya nuna lasisin MDCN, hukumar rajistar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya, na wannan shekarar, ba na bara ba. Mai wankin haƙori da mai ƙera haƙoran roba kowa da hukumar da ke masa rajista. A Kano, jami'an PHIMA, hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu, na iya shigowa duba asibiti, kuma mai asibiti ne zai amsa tambaya.

Ga mai karɓar marasa lafiya, mai shara da maigadi, doka ta ajiye mafi ƙarancin haƙƙi: hutun kwana 6 na aiki bayan wata 12, hutun rashin lafiya har kwana 12 da albashi idan akwai takardar likita, hutun haihuwa mako 12 da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6. Sanarwar sallama kuwa mako ɗaya ce ga wanda ya yi tsakanin wata 3 da shekara 2, mako biyu har zuwa shekara 5, wata guda daga nan. Ni nakan rubuta wata guda ga kowa, domin samun mai taya likita aiki wanda ya iya dafa kayan aiki ba abin mako ɗaya ba ne.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne yarjejeniyar likitan da ke aiki bisa kaso. Dokar Ƙwadago ba ta rufe ƙwararru irinsa ba, abin da aka rubuta shi ne alƙali zai duba. Kason nan daga me za a cire? Daga kuɗin da aka rubuta wa mara lafiya, ko wanda ya shigo aljihu? Kafin a biya mai ƙera haƙori ko bayan nan? Idan cikon da ya yi ya faɗi aka sake, wa zai ɗauki asarar? Nawa tsarin: kuɗin da ya shigo, bayan cire kuɗin ƙira, lissafi a ƙarshen wata a gabansa.

Idan ma'aikaci ya fasa injin haƙa haƙori, zuciya kan ce a zabtare albashinsa. Doka ta hana cin tara, kuma cire kuɗin ɓarna sai da amincewar jami'in ƙwadago. Takardar neman bayani nake bayarwa, ya amsa a rubuce, a sa a fayil.

Kashi 1 na jimillar albashi yana tafiya NSITF, asusun biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki, kuma a wurin da allura ke soke hannu wannan ba kuɗin banza ba ne. Fansho ya wajaba idan ma'aikata sun kai 15: kashi 10 na albashi daga mai asibiti, 8 daga ma'aikaci. Kowa a wurina yana karɓar rigakafin ciwon hanta nau'in B sau uku a cikin wata 6 da kuɗin asibiti, kuma duk wanda allura ta soka ya sanar nan take, domin maganin kariya daga HIV sai a cikin awa 72.