Zanen Fuska a Shagona na Damagaram

Shagona yana Sabon Gari a nan Damagaram, kuma zanen fuskar mutane a kwamfuta shi ne abincinmu. Ana kawo mana hoton ango da amarya, ko na mahaifin da ya rasu, wani lokaci ɗan hoton katin shaida da ya koɗe, mu zana shi babba, mu buga, a sa a firam. Kasuwa ta fi buɗewa gab da sallah da lokacin bukukuwa. Yaran da nake koyarwa galibi a waya suka fara, da manhajar zane ta ibisPaint da ɗan yatsa, kafin su zauna gaban Krita, manhajar zane a kwamfuta wadda kyauta ake sauke ta.

Kamanni mai kaya yake biya. Zane ya yi kyau iya kyau, in 'yar mamaci ta duba ta ce, "Malam, wannan ai ba Baba ba ne," to aiki ya tashi a banza, kuma an sosa mata inda yake ciwo.

Sabon yaro idanu yake fara wa, ya ɓata awa guda yana jera gashin ido alhali kai bai zauna ba. Ni kuwa awo nake fara sa shi. Daga tsakar ka zuwa haɓa, idanu a tsakiya suke, amma kusan kowane mai koyo sama yake kai su, goshi ya tsuke. Daga inda gashi ya fara zuwa gira, daga gira zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa haɓa, kashi 3 ne kusan daidai. Tsakanin idanu akwai faɗin ido guda. Kunne yana farawa daga gira ya tsaya daidai ƙasan hanci.

A wajenmu abin ya fi wuya, domin da ƙyar ake kawo kai a buɗe. Hula ce, ko ɗankwali, ko hijabi, ko rawani irin na mutanen fada a hawan sallah, wanda amawalinsa ke rufe har haɓa. Yaro sai ya auna daga bakin hula, komai ya goce. Shi ya sa nake cewa ya zana ƙoƙon kan tukuna, tsirara, a shafi na ƙasa cikin shafukan da manhajar ke jerawa wani kan wani, sannan ya ɗora masa hular a wani shafin na sama. Ko ba a ganin kai, yana nan, kuma shi ke riƙe da rawanin.

Amma awon nan mafari ne kawai. Kamanni yana inda mutum ya saɓa masa: faɗin hanci, tsawon goshi, wushirya, tsagen gado a kumatu. Yaranmu sun koyi zane daga bidiyon Turawa, hannunsu ya saba da siririn hanci, sai su rage na mutum ba su ma sani ba. Wannan ba na yarda da shi. Tsagen tsoho kuwa ba a share shi, da shi jikokinsa suka san shi.

Inuwa ita ce sauran rabin aikin. Kafin a taɓa launi, da toka-toka kaɗai ake yi, a tsayar da gefen da haske yake fitowa, gefe ɗaya tak. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba baƙi a inuwar baƙar fata, fuska ta yi dauɗa. Fatarmu tana da ja da ruwan ƙasa a cikinta, inuwarta takan karkata zuwa shuni, goshi da karan hanci da ƙashin kumatu kuma suna ɗaukar hasken sama. Wani yaron yakan yi ta goge komai da burushi mai laushi har fuska ta koma kamar 'yar tsanar roba. Inuwar ƙasan hanci da ta ƙasan haɓa bakinsu kaifi ne, ta kumatu ce ke narkewa a hankali. In ya ce ya gama, sai in ce ya juya hoton, dama ta koma hagu. Nan take idon da ya karkace yake bayyana.

Idan mai hoton yana raye, na fi so in ɗauke shi da kaina a bakin zaure da hantsi. Ranar tsaka ta Damagaram tana mai da gurbin ido rami, fitilar waya kuma tana baje fuska.

Wasu sukan ce, "Maigida, a ɗan ƙara mini haske." Nakan nuna musu biyu a allo, mai launinsu na gaskiya da wanda aka ɗashe, su zaɓa da idonsu. Kafin bugun ƙarshe kuma muna gwada ƙarami, saboda takarda ta fi allo duhu, inuwar da ta zauna a kwamfuta tana iya cinye rabin fuska in an buga.